Kaji 44 a dare uku: yadda na bi sawun abin da ke kashe min kaji a Panshekara

Yau ba maganar farashin abinci ko ranar rigakafi zan yi ba. Abin da ya same ni a hunturun da ya wuce zan ba ku labari. Na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta shi, saboda ni ne na fi kowa jin kunya a ƙarshensa. Da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

Gonar tawa ƙarama ce, a bayan Panshekara cikin ƙaramar hukumar Kumbotso, ba nisa da rukunin masana'antun Challawa. Filin na kawuna ne, aro ya ba ni. A ciki akwai ɗakin kaji guda, mita 8 da mita 10, da tankunan siminti biyu na tarwaɗa, da rijiyar burtsatse, sai ɗakin maigadi a bakin ƙofa. Jarin kuwa ɗan abin da na tara lokacin bautar ƙasa ne, da kwasar adashen mahaifiyata da ta danƙa min gaba ɗaya. A watan Oktoba na ɗauko 'yan tsaki 500 masu ƙwai. Zuwa tsakiyar Janairu sun kai mako 14, littafina yana nuna saura 488. Duk wanda ya taɓa kiwon kajin ƙwai ya san wannan lokaci: ka gama zuba kuɗinka kaf, kuma ko ƙwai ɗaya ba ka gani ba tukuna.

Mu uku ne a gonar. Ni, ina kwana a gida cikin gari. Sai yaron da ke ba su abinci, yana zuwa da sassafe ya tafi bayan magariba. Sai Baba maigadi, dattijo ne sa'an mahaifina, shi ke kwana.

Wayewar garin wata Talata yaron ya kira ni, ya ce "Yaya, ka zo yanzu." Na tarar da kaji 9 a mace, duk a kusurwa ɗaya, ta gabas maso arewa, wadda ta fi nisa da ƙofa. Babu jini, babu wadda aka cire wa kai. Na ce sanyi ne, don dare a Kano cikin Janairu yakan sauka ƙasa da digiri 15. Na ƙara tamfol a tagogi, na koma harkata. Laraba lafiya, Alhamis lafiya. Wayewar garin Juma'a, 21. A wannan kusurwar dai.

Wallahi ƙafafuna kasa ɗaukata suka yi. Abin da ya fara zuwa raina shi ne murar tsuntsaye, kuma ina da dalilin jin tsoro. A watan Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da nau'in H5N1 a Najeriya, a wata gona da ke Jaji a jihar Kaduna, kuma Kano na cikin jihohin farko da ta shiga. Ta sake dawowa a Janairun 2015, nan ma Kano na kan gaba. Lokacin sanyi take so. In ita ce, ba maganar 30 ake ba, maganar ɗakin ne gaba ɗaya, har da na maƙwabta. Na hana kowa shiga, na ajiye ruwan magani a bakin ƙofa, na kira likitan dabbobi.

Abin da likitan ya fara yi ya ba ni mamaki. Bai taɓa gawa ko ɗaya ba sai da ya tsaya ya kalli masu rai kusan minti goma. Suna cin abinci, suna tono, idanunsu tar. Ya tambayi buhu nawa suke ci, ya ragu ko bai ragu ba. Bai ragu ba. Sannan ya juya kan matattun. Ya nuna min cewa murar tsuntsaye takan kumbura fuska, zankon kaza ya yi baƙi-baƙi, a ga jini ya kwanta a ƙwaurinta, kuma mutuwar ba ta zaɓen kusurwa, ba ta hutun kwana biyu. Ko'ina a ɗaki za ka riƙa tsintar gawa, dare da rana, kullum ƙaruwa take. Nukasil ma tana da nata alamun, murɗewar wuya da koren zawo, kuma na yi musu Lasota a kan lokaci. Gumboro kuwa ta 'yan mako uku zuwa shida ce galibi. Ya feɗe huɗu a gabana. Jakar abincin da ke wuyansu da ragowar abincin yamma a ciki, wato lafiyarsu lau suka kwanta. A gadon bayansu kuma duk karce ne na farce.

Ya ce, "Malam, waɗannan danne juna suka yi. Wani abu ne ke firgita su cikin dare." Duk da haka ya ce in aka wayi gari da mutuwa a warwatse cikin ɗakin, ko cin abinci ya ragu, to kada in jira, a sanar da ofishin kula da dabbobi na jiha a ɗauki samfur zuwa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, don can ake tabbatarwa.

Bari in ɗan tsaya a nan, don masu farawa da yawa ba su san kaza na iya mutuwa haka ba. Kaza ba ta da tantanin nan da ke tsakanin ƙirji da ciki wanda mu muke jan numfashi da shi. Ƙashin ƙirjinta ne ke motsi yana hura jakunkunan iskar da ke jikinta. Da zarar an danne ƙirjin nan, numfashi ya tsaya. Ga zafin jikinta ya kai digiri 41, ga shi ba ta gumi. To ka ƙiyasta kaji ɗari biyu sun ruga kusurwa ɗaya, na baya suna hawa kan na gaba. Na ƙasan mintoci kaɗan suke buƙata. Kuma kaza ba ta gani sosai a duhu, in ta firgita bin 'yar uwarta kawai take. 'Yan matan kajin ƙwai da ake kiwo a ƙasa sun fi buroila wannan hali, don jikinsu ba nauyi, ga saurin tsorata. Ba a nan kaɗai ba ne, manyan manoman Ingila masu sakin kajinsu su ma suna fama da ita.

Gawarwakin dai mushe ne. Wani ya zo yana taya su da araha, na ce Allah ya kiyaye. Rami mai zurfi muka haƙa a can ƙarshen fili muka binne.

Kafin magariba labari ya karaɗe unguwa, kowa da nasa fassarar. Wadda ta fi ƙarfi ita ce ta ruwa. Duk wanda ke zaune a yankinmu ya san warin da ke tasowa daga magudanan kamfanonin fata. Na Challawa suna gangarawa kogin Challawa, na Sharaɗa suna bi ta rafin Salanta su haɗe da shi, na Bompai kuma su bi Getsi su faɗa Jakara. Jimar fata ta zamani da sinadarin kuromiyom ake yin ta, kuma ba abin wasa ba ne ga mai haƙa rijiya a nan kusa. Saboda haka ban raina maganar ba, na ɗebi ruwan na kai ɗakin gwaji, kuma ina ba duk mai shirin kafa gona a wannan yanki shawarar ya yi haka tun kafin ya sayi ɗan tsako ɗaya. Amma tun kafin sakamako ya fito na san ba shi ba ne. Tanki ɗaya ke ba kajin ruwa yana ba kifin. A tankin siminti na biyu akwai ƙananan tarwaɗa da ba su fi tsawon yatsa ba, kuma ko ɗaya bai juya ciki sama ba. Babbar tarwaɗa tana da juriya, har iska take shaƙa daga sama, amma ƙananan nan da wuri suke tona asirin ruwa. Ban da haka, guba a ruwa ba ta ɗebo kaji ta tara su a lungu guda. Masu cewa sammu ne ko baki, na saurare su na yi godiya.

Saura dabba ko mutum. Da yamma na barbaɗa toka a kewayen ɗakin, na duba waya taga bayan taga ko akwai inda muzuru ko tunku zai kutsa. Da safe ba komai a kan tokar sai sawun ɓera da na takalmin Baba.

A nan ne na yi kuskuren da ya fi mutuwar kajin ci min rai. Ranar Asabar na sa muka ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Littafi ya ce 488, a cire 30, ya kamata a samu 458. Muka samu 451. Bakwai babu su, babu gawarsu. Nan take lissafi ya haɗu a kaina: wani na shiga da fitila cikin dare yana kama kaji, sauran su firgita su danne juna. Wa ke kwana a wurin? Wa ya san inda ake rataye mabuɗi? Sawun wa na gani a toka?

Ban ce masa ɓarawo ba, amma abin da na faɗa ya kai. Na ce, "Baba, kaji bakwai ba sa tafiya da kansu. In ba kai ba ne, to ka san ko waye." A gaban yaron na faɗa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ɗana, na ji hayaniyarsu, kuma na kira ka. Ban da wannan ban san komai ba." Ban ma tsaya kan maganar kiran ba. Na je kasuwa na sayo sabon kwaɗo, na kulle ɗakin, na jefa mabuɗan duka uku a aljihuna na tafi da su gida.

Lahadi lafiya. Na ce ai ga shi nan, an gane. Wayewar garin Litinin, 14. Kwaɗo a kulle, mabuɗi a aljihuna.

Na zauna a kan buhun abinci na rasa abin cewa. Jimilla 44. Babu wanda ya shiga, kuma abin bai fasa ba. A lokacin ne na tuna abin da muka sha ji a aji game da ajiye bayanan gona, wanda nake ɗauka na lissafin kuɗi ne kawai. Tun ranar Talata tambaya ɗaya nake yi, wa ya yi. Ban taɓa tambayar ƙarfe nawa aka yi ba. Na yago takarda daga bayan littafin, na ja layi bakwai, dare bakwai, na ce sai na cike kowanne daga magariba zuwa asuba.

Wahalar farko ita ce sunan daren kansa. Da na ce wa Baba "daren Juma'a", shi daren Alhamis wayewar Juma'a yake nufi, yadda iyayenmu ke lissafi. Yaron kuma in ya ce daren Juma'a, bayan an sauko daga masallaci yake nufi, wato wayewar Asabar. Minti ashirin muka yi suna musu a kan abin da duk sun yarda da shi. Daga nan na daina cewa daren kaza, sai dai wayewar garin kaza. In za ku yi irin wannan bincike ku kiyaye wannan tun farko.

Wahala ta biyu, Baba ba ya ɗaura agogo. Lokacinsa na dare da abubuwa yake auna shi: sanda mai shayin bakin titi ya rufe, sanda ya yi zagayen farko, sanda manyan motocin da ke ɗaukar kaya daga masana'antu suka fara wucewa, sanda aka yi kiran sallar farko. Sai na bi shi a haka. Na ce kada ya gaya min abin da yake zato, ya gaya min abin da ya ji, da abin da ya zo kafinsa. Ya ce a duka dare ukun hayaniyar bayan zagayen farko ta zo, kafin kiran sallar farko. Ya ce ba ta da tsawo. Fiffike ne gaba ɗaya kamar guguwa ta shiga ɗakin, da kuka, sai kuma shiru. Ya haska ta waje bai ga komai ba, tamfol ya rufe. Na ce kafin fiffiken fa? Ya yi shiru. Ya ce, "Akwai ƙarar ruwa. Kamar ana zuba tsakuwa a kwano."

Sai maganar kiran ta dawo min. Na buɗe wayata na gangara baya. Ga shi nan, kiran da ban ɗaga ba, wayewar garin Juma'a, ƙarfe 2:41. Wayar na kan shiru, na gani da safe na ɗauka kuskure ne ya danna, sannan tashin hankalin ranar ya mantar da ni. Dattijon nan ya kira ni a tsakiyar dare don ya ceci dukiyata, ni kuma washegari na tsaya a gabansa ina masa maganar kaji bakwai.

Yanzu dai na samu ƙusa guda da zan rataya komai a kanta: 2:41. Me ya faru a Panshekara 'yan mintoci kafin 2:41? Amsar tana cikin wayata ita ma. Muna da zauren WhatsApp na unguwa, wanda rabin saƙonninsa "an kawo wuta" ne da "an ɗauke". Na gangara zuwa wannan dare. Ƙarfe 2:36 wani ya rubuta, "An kawo." Na duba wayewar Litinin, 3:10, "Alhamdulillah an kawo." Na wayewar Talata babu wanda ya rubuta, sai na je wajen mai wanki da guga na layinmu, don shi duk sanda aka kawo wuta sai ya tashi ya yi guga. Ya ce ya tuna sarai, wajen ƙarfe biyu saura ne, don a daren ya gama kayan wani ango.

Sauran dare huɗun da ba a yi asara ba su suka ƙarasa min hujja. Wayewar Laraba da wayewar Asabar ba a kawo wuta ba sam. Wayewar Alhamis da wayewar Lahadi kuwa tun da la'asar aka kawo, ta kwana. Wato ba samun wuta ne matsalar ba, ba rashinta ba ne kuma. Dawowarta ce a tsakiyar dare.

To amma wata uku kajin nan suna ɗakin, wuta na zuwa tana tafiya, ba abin da ya same su. Me ya canza? Da na yi wa kaina wannan tambaya sai na ji kamar an watsa min ruwan sanyi. Ranar Asabar ɗin da ta gabaci Talatar farko na kawo mai gyaran wuta ya yi min aiki biyu. Na farko, saboda an yi sata a wata gona kusa da mu, na sa ya ɗaura babbar fitila mai wat 100 a kan fol, tana fuskantar ɗakin kaji ta yamma. Na biyu, na gaji da sayen fetur don canza wa kifi ruwa, na sa ya haɗa injin jan ruwa da wutar gari. Tankin da yake cikawa a kan ƙarfe yake, jingine da bangon ɗakin kajin, shi ma ta yamma. Kuma ni da bakina na ce wa yaron, kullum in zai tafi ya bar makunnan biyu a kunne, don duk sanda aka kawo wuta tanki ya cika da kansa. Dare biyun farko ba a kawo ba. Dare na uku aka kawo.

Ban taɓa lissafa su cikin abin zargi ba, saboda a wurina gyara ne na yi. Kusurwar da suke mutuwa kuwa, ta gabas maso arewa, ita ce ta fi ko'ina nisa da fitilar da tankin.

Takarda ta nuna, amma na so in gani da idona. Na san kasada ce. Na cika kusurwar nan da buhunan ɓuntun shinkafa, na roƙi yaron ya kwana, muka shiga ɗakin tun bayan isha'i muka zauna a duhu, shi a lungu ɗaya ni a ɗaya. Baba na tsaye kusa da makunni. Daren farko sauro kawai muka ciyar. Dare na biyu, ƙarfe biyu da wani abu, aka kawo.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Haske ya faso ta ratar da ke tsakanin tamfol biyu kamar an yanka duhun da wuƙa. Iskar hunturu na kaɗa tamfol ɗin, sai inuwarsa ta riƙa shawagi a kan kajin, kuma duk wanda ya taɓa ganin kaza ta hango shaho ya san abin da inuwa mai motsi daga sama ke yi mata. A daidai lokacin injin ya ɗauka, ruwa ya fara dukan gindin tankin da babu komai a ciki, bango yana amsawa. Ɗakin gaba ɗaya ya tashi. Kafin in miƙe sun taho kaina kamar ambaliya, suna hawa ƙafafuna. Na yi ihu, "Baba, kashe!" Ya kashe. Muka riƙa ɗaga su da hannu muna turawa tsakiyar ɗaki. Duk abin bai kai minti biyu ba. Ba mu rasa ko ɗaya ba a daren, amma guda uku sai da muka fitar da su suka sha iska kafin su tsaya da ƙafarsu.

Gyaran bai ci kuɗin kaza biyar ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Fitilar muka juya ta kalli katanga da ƙofa, inda ɓarawo zai biyo dama, ba inda kaji ke barci ba. Injin ruwa na mayar da shi sai an kunna da hannu, da rana kawai, na kuma sa aka zura tiyo har gindin tankin don ruwa ya daina faɗowa daga sama. Tamfol muka ɗaure shi sama da ƙasa yadda ba zai kaɗa ba, muka bar rata a can sama don iska, domin wanda na ƙara ranar Talata ma cutarsu ya yi, ya toshe musu numfashi. Kusurwoyi huɗun na sa kafinta ya gicciya musu falanki, ɗakin ya zama ba shi da lungun da kaza za ta maƙale. Sannan na raba shi gida uku da waya. Wannan na ƙarshen shi na fi ba muhimmanci, don ko sun sake firgita, 140 ne za su ruga wuri ɗaya, ba 400 ba.

Wasu sun ce in bar musu fitila a ciki har safe. Ban yi ba. 'Yan matan da ba su fara ƙwai ba, in ka tsawaita musu haske sukan fara tun jikinsu bai ƙosa ba, ƙwan ya zo ƙanana, kuma haske mai yawa na sa su tsattsagar juna. Ƙananan fitilu biyu na sola na rataya, masu dushi-dushi, iyakar dai kada duhun ya zama ƙirin. Na kuma ajiye musu rediyo da rana a hankali, su saba da ƙara da muryar mutane. Kuma yanzu ko ni zan shiga sai na ƙwanƙwasa ƙofa.

Tun daga lokacin akwai shafi a littafina da ba na kuɗi ba. Duk abin da aka canza a gonar, ko ƙusa aka buga, ko abinci aka sauya, ko baƙo ya shiga, sai an rubuta rana. In aka wayi gari da gawa, ba a taɓa ta sai an ɗauki hoto a inda take, don wurin da kaza ta mutu rabin bayani ne, kuma hoton da kansa yana ajiye lokaci. Wayata kuma ba ta ƙara kwana a kan shiru ba.

Saura kaji bakwai. Su ma sun fito, ba daga inda na zata ba. Muna kwashe tsofaffin buhuna a sito sai yaron ya nuna min wani buhun abincin 'yan tsaki da aka yi wa zane bakwai da gawayi a baya. A makonsu na biyu na yi tafiyar kwana huɗu zuwa Zariya bikin abokina, littafin kuma yana cikin jakata. Waɗanda suka mutu a kwanakin nan ya zana su a buhu, ya gaya min a waya, na ce zan rubuta in na dawo. Ban rubuta ba. Tun watan Oktoba kajin nan bakwai suke raye a littafi kawai.

A ranar na je gida na gaya wa mahaifiyata komai. Ba ta yi maganar kuɗinta ba ko sau ɗaya. Cewa ta yi, "A gaban wa ka faɗa masa?" Na ce a gaban yaron. Ta ce to a gabansa za ka ba shi haƙuri. Ta ƙullo goro da turmin atamfa ta ce in kai wa iyalinsa.

Da yamma na kira yaron ya tsaya, na durƙusa gaban Baba a ƙofar ɗakinsa, na ce, "Baba, na zalunce ka, ka yafe min." Na zayyana masa maganar buhun da ta kiran 2:41. Ya ce, "Tashi, ɗana, ba komai, dukiya ce, zafi gare ta." Na miƙa masa ɗaya daga cikin mabuɗan sabon kwaɗon. Ya juya shi a hannu, ya ce da yana da shi a daren Juma'ar nan da ya shiga ya ɗaga su, wataƙila da ba a kai 21 ba. Sannan ya zura shi a zaren da ke wuyansa.

Kaji 437 suka rage. A makonsu na 19 shi ya tsinci ƙwan farko, ya ajiye min a cikin hularsa har na iso.